Kada ka saki shago saboda waya

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Kuɗin haya ya hau, ɗan wana kuma ya matsa min in saki shagon in koma sayarwa ta waya daga gida, wai yanzu kowa na intanet. In bi shawararsa?

Amsa: Alhaji, yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. A 2001, da MTN da Econet suka fara aiki, layin waya sai mai hali. Yau matar aure a Gumel tana zaɓar atamfa a WhatsApp, ta tura kuɗi, ko ƙofar gida ba ta taka ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya ƙarasa aikin: masu cewa su sai kuɗi hannu, dole ta sa suka buɗe asusun waya na OPay da Moniepoint.

Abin da bai lissafa ba shi ne amana. Hajiyar da ke Yola ba ta taɓa ganinka ba, kuma ta sha jin labarin waɗanda suka tura kuɗi aka rufe musu layi. Tambayarta ta farko ita ce: ina shagonka? In ka gaya mata layin da kake a Kwari, sai ta turo ƙaninta da ke karatu a Jami'ar Bayero ta Kano ya leƙa, ya shafa shaddar da hannunsa. Daga nan ka samu kwastoma, ita da 'yan bikinsu, wataƙila har da odar anko. Wanda ya ce daga gida yake, sai ya yi ta rantsuwa.

Kuma wayar ba kyauta ba ce. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ga kuɗin kai kaya tasha da na direba, ga kayan da za a dawo da su don launin hoto ya saɓa da na zahiri. Sabis ma ba a hannunka yake ba. Ka tambayi 'yan kasuwar Gusau yadda suka ji a Satumbar 2021 da aka katse layuka a Zamfara.

In hayar ta yi nauyi, nemi wanda za ku raba shagon. Shi kuma yaron, tunda ya iya, ka ɗora shi a kan cinikin waya: WhatsApp Business kyauta ne, ya riƙa ɗaukar hoto a hasken rana, ka yanka masa kamasho kan kowane turmi, ba albashi ba. Ka buɗe wa cinikin waya asusunsa daban, kuma kada kaya su fita sai ka ga kuɗin a asusun da idonka, domin alat na bogi ya yi yawa. Tallan Facebook na kuɗi ka dakata da shi tukuna. Bayan Sallah ka ɗauko littafi, ka cire data da kuɗin mota, ka ga abin da ya rage.