'Yata Ta Rungumi Littattafan Dodanni da Gimbiyoyi, In Hana Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekararta 13. Tun hutun da ya wuce ba ta da aiki sai karatun littattafan almara na Turanci, irin waɗanda yaya da ƙanwa ke ratsa ƙungurmin daji su yaƙi dodo. Babanta ya ce shirme ne, ni kuma tsafe-tsafen da ke ciki ke ba ni tsoro. In karɓe su?
Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki karɓe tukuna. Abin da ke hannun yarinyar nan jikar tatsuniya ce, riga kawai ta sake. Mu da aka raina da "ga ta nan ga ta nanku" a tsakar gida bayan isha'i mun sha jin dodo da aljani da kogin da ke magana, kuma ba wanda ya tashi ya ɗauka Gizo na nan da rai. Turawa ma daga bakin jama'a suka kwaso nasu: 'yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, sun fara buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo daga irin waɗannan da kuma labaran Larabawa, ya ɗinka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, har yau kuma ana karanta shi a makarantu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarki shi ne yaya da ƙanwa. Ki tuna yadda tatsuniyoyinmu suke yi da 'yan mata biyu na gida ɗaya. Kusan kullum 'yar mowa ce da 'yar bora. 'Yar bora ta tafi neman ruwan Bagaja, ta yi ladabi a hanya, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta dawo da tsiya. Ana koyon tarbiyya a ciki, ban musa ba. Amma yarinya ta kwanta da tunanin cewa sai 'yar'uwarta ta faɗi sannan ita ta tashi, a garin da gidaje da yawa 'yan uba ke ci a kwano ɗaya. Wannan ya daɗe yana damuna. Littafin da zai nuna mata ƙanwa ta koma cikin daji da dare don ba za ta iya barin yayarta a hannun dodo ba, ya cike wani giɓi da tatsuniyarmu ta bari. Ko a Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad, wadda ta riƙa jan labari don kada sarki ya kashe ta, ba da ƙoƙarinta ita kaɗai ta tsira ba: ƙanwarta ce ke roƙon ta labari kowane dare, da haka dabarar ta yi aiki. Sai dai shi wannan ba na 'yar shekara 13 ba ne, akwai wuraren da suka fi ƙarfinta.

Maganar tsafi kuwa, tsoronki yana kan hanya, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ki ɗauki littafin, ki buɗe wajen ƙarshe, inda jarumar ta shiga tsaka mai wuya, ki ga da me ta fita. In da haƙuri da dabara da riƙon alkawari ta kuɓuta, sihirin ado ne kawai, kamar ƙwan da ake fasawa dawaki su fito. In kuwa littafin yana koyar da surkulle dalla-dalla, ko yana ƙawata bautar wani abu, ki ajiye shi, ki kuma gaya mata dalili. Ki duba bayan bango ma, wani lokaci ana rubuta shekarun da aka yi littafin dominsu. Wasu na 'yan shekara 16 zuwa sama ne, soyayya da zubar da jini sun yi yawa a ciki.

Ki haɗa mata da na gida. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero ya tattara tatsuniyoyinmu a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni; ki tambaya wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari, ko ki kai ta ɗakin karatu na Murtala Muhammad ranar da ba makaranta.

Daren yau kuma, in an gama cin tuwo, ki ce ta ba ƙannenta labarin da take karantawa, da Hausa. Ki zauna kusa kina 'yan aikace-aikacenki. Inda muryarta ta ɗaga da inda ta tsallake da sauri za su gaya miki abin da littafin ke zuba mata. In babanta na gida, a shimfiɗa masa tabarma shi ma.