Ciwon baya wajen ɗaga ƙarfe daga ƙasa

Ɗan'uwa, ka ce bayanka na ciwo in ka ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Ina zargin da gadon baya kake sunkuyawa, alhali a ƙugu ya kamata jiki ya karye.

Ajiye ƙarfen tukuna. Ɗora sanda a bayanka, ta taɓa wuri 3: ƙeya, tsakanin kafaɗu da ƙarshen ƙashin baya. Ba bango baya, ɗan taku ɗaya, ka ɗan saki gwiwa, ka tura mazaunai har su taɓa shi. In sandar ta rabu da wuri ɗaya, to bayanka ya lanƙwashe, sake gwadawa. Bayan cinya za ka ji yana miƙewa.

In ka koma ƙarfe, fara da marar nauyi, yana gogar ƙwauri. Ciwon da ke sauka ƙafa kuwa, don Allah ga likita.