Tambaya da Amsa: A-kori-kura Tana Karkarwa Bayan Ta Faɗa Rami

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura wadda nake dakon kaya da ita. Kwanakin baya tayar baya ta hagu ta faɗa rami mai zurfi alhali motar tana maƙare da kaya, kuma tun daga ranar take karkarwa da zarar gudu ya kai kilomita 60 a awa. An yi wa tayoyin balansin amma ba ta daina ba. Makanike ya ce aksul ne ya lanƙwashe, zai gasa shi da wuta ya miƙar da shi. Ta yaya zan tabbatar, kuma in yarda da wannan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zargin makaniken naka yana da tushe, sai dai kada a kwance komai kafin a yi awo, domin lanƙwasasshen wili, ko taya mai ƙulu, ko farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya) da kuros ɗinta, wato gaɓar da take lanƙwasawa a kai, ya ci, duk suna kawo karkarwa mai kama da wannan.

Fara da lura da inda kake jin ta. Matsalar ƙafafun baya a kujera da daɓen mota take bayyana, ta gaba kuwa sitiyari take girgizawa. Idan a hanyar da babu cunkoso ka taka kuloci motar tana cikin gudu, ƙarar inji ta sauka amma karkarwar tana nan, to inji ya fita daga zargi. Saurin bugun ma shaida ne: taya tana juyawa kusan sau 12 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100, farfela kuwa ta ninka haka sau uku zuwa huɗu, shi ya sa tata karkarwar take zuwa kamar gunji, ta taya ko ta aksul kuma kamar jijjiga. Daga nan a mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya. In karkarwar ta koma sitiyari, laifin taya ne ko wili. In ta tsaya inda take, sai a duba aksul.

Awon da zai raba gardama shi ne wannan. A tokare ƙafafun gaba, a ɗaga bayan motar duka a ɗora shi kan ƙarafan tallafi, ba kan jak kaɗai ba, a cire taya da daram ɗin birki, sannan a kankare tsatsar da ke fuskar faifan da ake ɗaura taya a kai, don ɗan ɓawon tsatsa ya isa ya ɓata lissafi. Sai a kafa agogon awo mai allura a gefen faifan, a juya shaf, wato sandar ƙarfen cikin aksul da ke juya taya, da hannu a hankali. A yawancin irin waɗannan motoci abin da aka yarda allurar ta motsa bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba, kuma littafin motarka zai ba da ainihin adadin. Kada ka raina ƙanƙantarsa, domin bakin taya ya fi gefen faifan nisa daga tsakiya kusan sau biyar, karkacewar kuma haka take ninkuwa kafin ta isa ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa balansin bai yi maka amfani ba: a kan injinsa ake daidaita taya, ba a kan shaf ɗin motarka ba.

A kuma bambance shaf da bututun ƙarfen da yake kwance a cikinsa. Shaf yana juyawa, don haka lanƙwasarsa karkarwa take haifarwa. Bututun ba ya juyawa, alamunsa su ne taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, boris ɗin da shaf ke juyawa a cikinsa yana yawan mutuwa, man giya yana yoyo ta sil, wato robar da ke tare mai, har ya jiƙa birki, wani lokaci motar tana tafiya a karkace. Ramin da ya lanƙwasa ɗaya yana iya taɓa ɗayan, saboda haka a auna saitin ƙafafun baya.

Batun gasawa da wuta kuwa, ban ba ka shawarar yarda ba. Tun a masana'anta ake ƙarfafa bayan shaf da zafi na musamman, kuma harshen wutar walda yana warware wannan ƙarfi, ya bar wurin da rauni ko da ido ya ga ya miƙe sarai. A yawancin ƙananan a-kori-kura shaf ɗin ne yake juya taya kuma shi yake ɗauke da nauyin kaya, don haka in ya karye a kusa da boris taya tana iya ficewa ana cikin tafiya. Bututun ne ƙwararru suke iya miƙarwa, su ma da injin matsi da sandar saiti.

In awo ya nuna shaf ɗin ya lanƙwashe, a sayi wani shaf, a tabbatar tsawonsa da yawan haƙoransa sun yi daidai da tsohon, domin a wasu motoci na hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, kuma mai birkin ABS, wato birkin da ke hana taya ƙamewa idan an taka shi da ƙarfi, yana da zoben haƙora na daban. A sa sabon boris da sabon sil da sabon zoben riƙo, a cika man giya irin wanda littafin ya ambata, a sake awon faifan kafin a mayar da taya. In na hannu ne za ka saya, a auna shi a gabanka kafin ka biya.