Amsa ga mai tambaya kan gurbin mataimakin bincike a digirin digirgir

Wa alaikumus salam 'yar uwa, ina taya ki murna. Kin ce jami'o'i biyu a Amurka sun ba ki gurbin digirin digirgir a fannin walwalar jama'a, kowacce da aikin taimaka wa farfesa a bincike. Ɗaya alawus ɗinta ya fi tsoka amma shekara guda kawai aka rubuta, ɗayar kuma kuɗin bai kai ba amma sun ɗauki alkawarin shekara huɗu, kina neman shawarar wacce za ki ɗauka. Da irin wannan aikin na yi nawa karatun, don haka ga abin da na gani.

Kafin ki dubi yawan kuɗin, ki tambaya daga ina yake fitowa. Wani gurbin makarantar ce da kanta take biya, shi ya fi zama da gindinsa. Wani kuma daga tallafin binciken da farfesa ya samo ne, misali daga NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, kuma tallafi yana da ranar ƙarewa. Wata abokiyar karatunmu tallafin malaminta ya ƙare tana tsaka da shirin babbar jarrabawar da ake yi kafin fara kundi. Da safe karatu, da rana bin ofis-ofis tana neman wanda zai ɗauke ta, har ta rame. Karatun nan yakan ci shekara huɗu zuwa shida, saboda haka duk inda kika ga an rubuta "mai yiwuwa a sabunta", ki sani ba alkawari ba ne.

Sannan ki karanta takardar layi-layi. Alawus ɗin na wata 9 ne ko na wata 12? Da yawa na wata 9 ne, hutun bazara kuwa kuɗin haya ba ya tsayawa. An yafe kuɗin karatu kaɗai, ko har da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa duk zango? Inshorar lafiya fa, ke kaɗai ce ko da iyali? Ana kuma cire haraji a alawus. Idan da bizar ɗalibai ta F-1 za ki shiga, awa 20 a mako aka yarda ki yi aiki lokacin karatu, kuma gurbin nan yawanci shi zai cinye su, ba ki da hanyar cike giɓi da wani aikin.

Amma abin da ya fi damuna, wanda mutane ba su cika tambaya ba, shi ne farfesan da za ki yi wa aiki. Awa 20 ɗin nan ita ce rabin karatunki. Ni aikina na farko shi ne rubuta hirarrakin da aka yi da masu riƙon yara. Abin saurare a kunne, in tsayar, in mayar baya, hirar awa ɗaya ta cinye mini yini. Akwai wata mata da ta yi shiru mai tsawo kafin ta amsa tambaya kan ranar da aka ɗauke yaron da ta riƙa. Malamata ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake rubuta wannan shirun da yadda ake fahimtarsa, ba ajin da ya koya mini haka. Daga baya ta sa sunana a maƙalar, ta tura ni taron SSWR, ƙungiyar masu bincike a fannin walwalar jama'a, da ake yi a watan Janairu, ta kuma bar ni na gina kundina a kan bayanan. Wasu kuwa shekaru suka yi suna gyara jerin manazarta da tsabtace alƙaluma a manhajar SPSS ko Stata, ba su ga sunansu a ko'ina ba. Wallahi wannan yana ɓata mini rai, domin da maƙalu ake neman aikin koyarwa bayan an gama.

To ki rubuta wa ɗaliban da suke ƙarƙashin farfesan yanzu, ba waɗanda makaranta ta zaɓo miki kaɗai ba. Ki tambaye su ko awa 20 ɗin tana tsayawa a 20, ko ana sa sunansu a abin da suka yi wa wahala, da kuma abin da ya faru da wanda ya nemi sauya malami.

Kada kuma ki bari a yi miki gaggawa. Jami'o'in Amurka da yawa sun sa hannu a wata yarjejeniya cewa ba za a tilasta wa ɗalibi amsa tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba. Ki yi amfani da wannan lokacin, ki nuna wa mai shekara guda tayin ɗayar, cikin ladabi ki tambaye su ko za su rubuta miki shekara huɗu. Ana yin haka, ba abin kunya ba ne.

Idan suka ƙi rubutawa, ni dai mai shekara huɗu zan ɗauka, matuƙar alawus ɗin zai riƙe ki a garin kuma akwai aƙalla malamai biyu da bincikensu ya yi kusa da naki. Ki turo mana abin da suka amsa miki, mu duba tare. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.