Amsa: Bok choy ɗina ya yi fure tun bai girma ba

'Yar'uwa, kin ce bok choy ɗinki ya miƙe da kara ya fitar da fure rawaya tun ganyen bai cika ba. Yawanci zafi ne. Shi bok choy ganyen ci ne dangin kabeji, ya fi son sanyi-sanyi, kamar digiri 13 zuwa 21 a ma'aunin Celsius. Da zafi ya haura, ko ƙasa ta bushe masa, sai ya yi gaggawar fitar da iri, ganyen kuma ya soma ɗaci. Saiwarsa ba ta nutsewa can ƙasa, shi ya sa ƙishi ke saurin kama shi.

Wanda ya yi furen ki yanke ki dafa, har furen ana ci. A shuka ta gaba, ki zuba irin a inda zai zauna, zurfin santimita 1, domin dashe na wahalar da shi. Ki bar tazarar santimita 20, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa, ki sama masa inuwa da rana tsaka. Ni kullum da safe nake cusa yatsa a ƙasa, in na ji babu danshi sai na ba shi ruwa. Ki cire shi wajen kwana 45 bayan shuka, tun gindin yana fari sol.