Kayan katako daga Jamus zuwa Kano: wanne za a ɗora wa jirgi, wanne za a bar wa kafintan gida

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Hambug ya aiko da tambaya. Ginin gidansa na Kano ya kusa kammala, yana so ya zuba gado da teburin cin abinci da wadirof na katako zalla. Shin ya saya can ya aiko a kwantena, ko ya tura kuɗi a yi masa a gida? Kuma ta yaya zai gane na gaske?

Malam, Allah ya sanya alheri a gidan. Mu fara da takardar da ke manne a jikin kaya, domin Jamusawa ba sa wasa da kalmomin nan. In ka ga Massivholz ko massiv, katako ne zalla, sai dai bayan kabad da gindin durowa da aka yarda a yi su da wani abu. Teilmassiv na nufin ƙofofi da fuska ne kawai na gaske. Furniert kuwa siririn ɓawon katako ne, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, aka lulluɓe allo da shi. Dekor ko Nachbildung hoton katako ne aka buga a kan garin katako da aka matse da gam. Wannan na ƙarshe kada ya shiga kwantenarka ko da kyauta aka ba ka, ruwan mopin kaɗai ya isa ya kumbura ƙafarsa.

Kayan hannu na Kleinanzeigen, shafin intanet ɗin da ake sayar da tsofaffin kaya a Jamus, ba su da takarda, idonka ne shaida. Je ka ƙarshen allon tebur, ɓangaren da zarto ya yanke. Katakon gaske za ka ga zoben shekarun bishiya a wurin, layukan sama suna gangarowa su haɗu da su. In zanen sama ya tsaya cak a baki, aka liƙa wani siririn zare a gefe, lulluɓi ne. Zaro durowa gaba ɗaya ka duba kusurwa: haƙoran katako masu shiga juna alamar aikin ƙwarai ce, ƙananan ƙusoshin bindiga da gam alamar gaggawa. Ka kifa kujera ka girgiza ƙafafunta. Sannan ka haska tocila a ƙarƙashi. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da sabon gari fari yana zuba, ƙwaro ne yana nan da ransa. Bar musu kayansu.

Sai babbar maganar, wadda masu aike suka fi mantawa da ita. Katako ko an yanke shi shekara hamsin bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. Ba ya ƙara tsawo, a faɗi yake motsi. A ɗakin Turai danshinsa yakan zauna wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. A Kano, watan Agusta zai iya kai shi 14 ko fiye, hunturu kuma ya zuƙe shi zuwa wajen 5. Allon tebur mai faɗin santimita 90 zai iya buɗewa ya tsuke da fiye da santimita 1 tsakanin damina da rani. Saboda haka leƙa ƙarƙashin teburin ka ga yadda aka ɗaure allon. In ramukan sukuru dogaye ne, ko an sa ƙananan ƙarafuna masu ba allon damar zamewa, zai rayu. In an ɗaure shi tamau ta ko'ina, watan Janairun farko za a ji ƙas cikin dare, da safe a ga tsaga. Allon da aka haɗa da sirara-siraran katakai shi ma na gaske ne, kuma ya fi falle ɗaya mai faɗi jure wannan yanayi, ko da bai kai shi kyan gani ba.

Irin itacen ma da magana. Eiche, wato oak, yana da nauyi da ƙarko, shi ne zaɓi. Buche, wato beech, yana da tauri amma ya fi kowa motsi da danshi, ba na ba da shawararsa ga arewa. Kiefer da Fichte, wato pine da spruce, masu laushi ne, farce ma yana shiga, gara kuwa ba ta tsayawa sallama.

Yanzu lissafi. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan kubik mita 33, wadirof ɗaya da ba a kwance shi sai ya cinye biyu, yawancinsa iska. Ga kuɗin fito a Apapa ko Tin Can, ga tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan mota zuwa Kano. Sassaucin harajin da ake yi wa kayan gida na mai dawowa ne da kayan da ya riga ya yi amfani da su, ba na sabon kaya da aka aiko wa wani ba, don haka ka yi magana da wakilin kwastan mai lasisi kafin ka biya kuɗin ko kujera ɗaya. Akwatin katako ko falet da za a ɗaure kayan a kai ya kasance da hatimin ISPM 15, shaidar an kashe ƙwarin cikin katakon, a kuma rataya buhunan tsotse danshi, domin kwantena tana zufa a teku. Kada a naɗe katako da leda kai tsaye, bargo ko kwali tukuna.

A ganina, teburin oak mai cire ƙafafu da kujerunsa, in ka same su da araha, sun cancanci jirgi. Gado da wadirof a yi su a gida. Loko da maɗaci da kawo ba su da abin jin kunya a gaban oak, kuma jan cikinsu ya fi shi jure gara. Matsalar aikin gida ba itace ba ce, ɗanyen katako ne da rashin sa ido.

Wanda zai tsaya maka, ko ƙani ne ko kawu, ya bi kafinta zuwa 'Yan Katako da ƙafarsa, Na'ibawa ko inda suka saba. Aiko masa da 'yar na'urar auna danshi mai allura biyu, ba ta da tsada a can wurinku. A caka ta a sabon yanka, ba a fatar waje ba, abin nema 8 zuwa 10. In ya haura 15, a jera filankan a inuwa, da sanduna a tsakaninsu iska na ratsawa, a jira. Gaggawar biki ko tarewa ita ke sa a yi aiki da ɗanye, bayan wata uku ƙofa ta ƙi rufuwa. A ƙi farin gefen filanki, nan ƙwaro ke farawa. Kuma a nuna maka kayan ta bidiyo kafin fenti ya hau, domin malaina da aka shafa wa jan kala sai ta yi kama da maɗaci a hoto. Kuɗi kashi uku: na katako, na bayan haɗawa, na bayan an kai gida. Ka rubuta sunan itace da kaurin allo a saƙo, santimita 2.5 aƙalla ga tebur da gefen gado, kowa ya riƙe.

Bayan wadirof da gindin durowa a sa filawud mai kyau, ba aibi ba ne, ya ma fi zama lafiya a faɗi. Gidan da zai daɗe a rufe kana can, a yi maganin gara kafin a shigar da kaya, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu da bango, wani ya riƙa leƙawa duk wata yana neman hanyar ƙasa da gara ke ginawa.

In kuma wata rana sha'awa ta kama ka ka ɗauko filankin madobiya ko maɗaci ko kawo zuwa Jamus a yi maka aiki a can, ka sani duka ukun suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, madobiya tun 2017, sauran biyun tun 2023. Gungume ko filankinsu ba ya tsallaka iyaka sai da takardar izini, kwastan na Hambug kuma suna dubawa.