Gombe ko Bauchi, ina ya fi daɗin zama da iyali?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka zaɓin wurin aiki tsakanin Gombe da Bauchi kuma da iyali za ka tare. Na zauna a duka biyun.

Bauchi tsohuwar hedikwata ce tun 1976, garin a natse yake, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), ga masar Bauchi da safe da miyar taushe wadda har yau ina kewarta wallahi. Ita Gombe sai 1996 ta samu jiha amma kullum buɗewa take, ka duba yadda gine-gine suka cika wajen Tumfure, hada-hadar kasuwa ta fi zafi, in kana da ɗan jarin hatsi a gefe can ya fi maka. Sai dai zafin Gombe ba wasa ba ne a watan Afrilu.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne biyan haya ta waya. Je da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta yadda ruwan famfo yake zuwa, a Gombe kuma ka duba ko kwazazzabo na kusa da gidan, don damina na cin ƙasa sosai.

In fili za ka saya, kar ka tsaya ga maganar dillali, nemi lauya ya bincika takardun a ma'aikatar filaye tukuna.